Wasan kwaikwayo a aji: a daina hadda, a bar yara su tashi su yi



Na san wasu za su ce maganar da na ɗauko yau ƙarama ce: ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, wa ke ta wasan kwaikwayo? To ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. A kwalejojinmu da lise ana koyar da wasan kwaikwayo ba tare da an yi wasan ba. Wannan cuta ce ake yi wa ƴaƴanmu, kuma cuta ce da za a iya dainawa bana, ba sai an jira tallafin kowa ba.

Duk wanda ya zauna a ajin Faransanci ya san yadda abin yake. Mushe zai shigo ya rubuta sunan marubuci a allo, da shekarar da aka haife shi, da shekarar da ya mutu, da sunayen mutanen cikin wasan, sannan taƙaitaccen labari: a kashi na ɗaya an yi kaza, a kashi na biyu an yi kaza. Yara su kwafa a kaye. Littafin kansa sau da yawa guda ɗaya ne a hannun malam, wani lokaci ma fotokofi ne na ƴan shafuka. Ranar jarrabawa a ce su faɗi halin wane, su mayar da abin da suka haddace, a ba su maki, a wuce. Yaro zai gama lise har ya ci bak bai taɓa buɗe baki ya faɗi magana ɗaya daga cikin wasan da muryarsa ba, bai kuma taɓa ganin an yi shi ba. Ku duba mini nan: a ce mutum zai koya wa yaro kokawa, sai ya zaunar da shi a benci ya rubuta masa sunayen kamu da jerin waɗanda suka ci takobi, bai taɓa sa shi ya taka ƙasar fili ba. In aka ce wannan yaron ɗan kokawa ne, ai ko ƴan talla sai sun yi dariya. Amma abin da muke yi wa wasan kwaikwayo ke nan shekara da shekaru, kuma muna kiransa karatu.

Abin da ya sa na tayar da maganar yanzu shi ne ƙasa na kan mararraba a sha'anin harshe. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A cikin watan nan ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Tun lokacin ana ta cewa Ingilishi zai ƙara samun wuri a makarantu. Ni ba ni da matsala da Ingilishi. Mu mutanen jihar Maraɗi, da ƙafarmu ɗaya a Jibiya da Katsina da Kano, mun fi kowa sanin amfaninsa. Tsorona ɗaya ne: kada mu cire taƙaitaccen labarin Moliyer daga kayen yaro mu sa masa taƙaitaccen labarin Shekisfiya, mu ce mun samu ƴanci. In haka ta faru, an gudu ne ba a tsira ba. Hadda ce dai, harshen da ake yinta da shi kawai aka canza.

Wanda ke ganin zuwan Ingilishi shi kaɗai zai gyara, ya leƙa maƙwabta. A Najeriya akwai darasin adabin Ingilishi a sakandare, kuma wasan kwaikwayo babban ɓangare ne a cikinsa. A jerin littattafan jarrabawar WAEC na 2021 zuwa 2025 akwai wasan Shekisfiya mai suna A Midsummer Night's Dream, akwai kuma The Lion and the Jewel na Wole Soyinka. Amma duk wanda ya shiga shagon littattafai a Katsina ko Kano ya ga ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da tsofaffin tambayoyi, waɗanda ɗalibi zai haddace ya shiga jarrabawa ko bai karanta wasan ba. Abin dariya ma, wasan Soyinka ɗin cike yake da kiɗa da rawa da kwaikwayo ba magana, kuma ɗaya daga cikin mutanen da yake yi wa ba'a shi ne Lakunle, malamin makarantar ƙauye mai zuba manyan kalmomin Ingilishi da ya tsinto a ƙamus. Wato wasan da ke zolayar ɗan hadda shi ake ba yara su haddace. Amma fa akwai abu ɗaya da suka fi mu: a can Hausa darasi ce da ake jarrabawa a kanta, kuma rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa yana cikin abin da ake karantawa. Wannan shi ya kamata mu ɗauko, mu bar musu littafin taƙaitawa.

Su kansu mutanen da muke haddace shekarun haihuwarsu, da za su ga yadda ake yi da aikinsu da sun riƙe baki. Moliyer ɗan wasa ne. Ya yi kusan shekara 13 yana yawo da ƙungiyarsa gari-gari a Faransa kafin ya samu gindin zama a Paris, kuma a 1673 ciwo ya kama shi yana kan dandali, ya mutu a daren. Shekisfiya ma ɗan wasa ne, yana da hannun jari a gidan wasan Globe da aka gina a Landan a 1599, inda talaka kan biya kwabo ɗaya ya kalla a tsaye. Mutanen nan sun yi rubutu ne don kunnen ɗan kasuwa da lebura, don a yi dariya, a yi ihu, a yi tsaki. Abin da ke kan takarda rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin murya, da tsayuwa, da shirun da ake yi kafin a ba da amsa. Kalma ɗaya kamar "to", ka faɗe ta da murna, ka faɗe ta da gatse, ka faɗe ta da barazana, ma'ana uku ke nan. Ta yaya yaro zai gane haka in bai gwada da bakinsa ba?

Asarar ba ta tsaya a adabi ba. Na sha zama a tarurrukan unguwa da na komin inda za ka ga saurayi mai BEPC ko bak, yana da magana mai ma'ana a ransa, amma da an ce ya tashi ya faɗa gaban magajin gari sai murya ta ɗauke, ido ya koma ƙasa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ita za ta tashi ta faɗi abin da ke damun gari tiryan-tiryan. Yaron nan ba wawa ba ne. Shekara goma ko fiye aka yi ana koya masa cewa ɗalibi na ƙwarai shi ne mai shiru da kwafa. Wasan kwaikwayo shi ne wuri ɗaya a cikin manhaja da doka ta ba yaro damar ya tashi tsaye, ya ɗaga murya, ya saurari abokin magana ya mayar masa, ya shiga rigar wanda ba shi ba, ya ji yadda duniya take daga can. Ɗan mai kuɗi ya zama mai bara na minti goma. Namiji ya faɗi maganar uwar da aka yi wa kishiya. Wannan wurin guda ɗaya shi ma mun mayar da shi kwafa.

Ga misali. A ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci an daɗe ana karanta Trois prétendants... un mari na Guillaume Oyono Mbia, ɗan Kamaru, wanda ya rubuta shi tun yana ɗalibi, aka buga a 1964. Labarin Juliette ne, ƴar kwaleji da ta dawo gida hutu ta tarar dangi sun karɓi kuɗin aurenta daga wani manomi, suna kuma jiran wani ma'aikacin gwamnati da zai ba da fiye da haka, ba wanda ya tambaye ta. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma jihar Maraɗi na sahun gaba, a gaya mini wannan labarin baƙo ne? A ajin da ake kwafar taƙaitawarsa akwai yarinyar da ita ce Juliette, kuma mai yiwuwa baɗi ba za a gan ta a benci ba. In ta kwafa, ta samu maki 12 bisa 20, shi ke nan. In kuwa ta tashi gaban iyaye ta faɗi maganar da bakinta, cikin harshen da kakarta ke ji, to ranar za a yi hira a gidaje da yawa bayan isha. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 don kare karatun ƴaƴa mata. Mutum nawa suka karanta ta a ƙauyukanmu? Wasa ɗaya a filin makaranta zai kai saƙon inda takardar ba ta taɓa zuwa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake nuna wa yaro kamar wasan kwaikwayo a jirgi aka kawo mana shi. Haba jama'a! Yaron da ke zaune shiru a aji, shi ne fa daga goma ga azumi yake manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya fita tashe, yana kwaikwayon tsoho da malam da mai magani, gida-gida ana dariya ana ba shi hatsi. Ƴan mata su yi nasu na zaman aure. Ba wanda ya rubuta musu taƙaitawa. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke kwaikwayon masu mulki, wannan gwamna, wannan perfe, wannan sarki, kuma a gaban masu mulkin na gaske. Ga ƴan kama, ga ƴan gambara, ga tatsuniyar da kaka ke canza murya in ta zo kan Gizo ta sake canzawa in ta zo kan Ƙoƙi. Yaranmu da gwanintarsu suke zuwa makaranta, a bakin ƙofar aji ake karɓe ta.

Kuma ba na gargajiya kaɗai muke da shi ba. Manyanmu suna tune da zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché, da bikin matasa na ƙasa da aka fara a tsakiyar shekarun 1970, inda kowace jiha ke kawo teyatur ɗinta a yi gasa. Suna tune da ƴan wasan gidan rediyon Damagaram, da Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin duk ƙasa ta san shi a dandali. Har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta zauna da ƴan wasan ta rubuta littafi sukutum a kan teyatur na Hausa a Nijar, aka buga a 1987. Ana karanta mu a jami'o'in waje, mu ba mu karanta kanmu a kwalejin ƙauyenmu. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta Tanimoune a kan Sarkin Damagaram Tanimun. Marigayi Alfred Dogbé ya bar koyarwa ya ba da rayuwarsa ga teyatur a Yamai har rasuwarsa a 2012. A ƙetaren iyaka kuwa, Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930 yake rubuta wasanni yana sukar zalunci da cuta. Ga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ga Jatau na Kyallu da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, ga Uwar Gulma na Mohammed Sada, ga Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, labarin ɗalibar da mai kuɗi ya yaudara. Duka da Hausa, duka an buga su, kuma kasuwar da ake sayar da su ba ta kai mana nisan Yamai ba. Ɗalibi nawa a Sarkin Hausa ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki?

Ko labarin da za a yi wasa a kansa ba sai mun aro ba, muna taka shi kullum. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta iso ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe Klobb, hafsan da Faransa ta aiko ya tsayar da shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya suka kashe su duka biyu, kuma kaburburansu na nan a Maijirgi. Abdoulaye Mamani ya ɗauki ɓangaren Lugu ya rubuta Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. To ɓangarenmu fa, wa zai rubuta? Ku ɗauka an ce wa ƴan aji uku na kwaleji: ku je ku tambayi tsofaffin gidanku abin da suka ji daga kakanninsu, ku dawo ku shirya fitowa ɗaya. Dare ne, labari ya iso gari cewa rundunar na tafe, mai gari da liman da mata da samari suna gardama, a gudu ko a tsaya. Ko kuma sojan da aka ɗauko daga nesa, yana shawara da zuciyarsa ko zai juya bindiga. A aiki ɗaya yaro ya yi tarihi, ya yi rubutu, ya yi magana, ya kuma gane yadda ake gina wasa fiye da wanda ya kwafi ma'anar "kashi" da "fitowa" sau goma.

Maganar harshe kuwa ɗan garinmu ya riga ya gama ta tun kafin a haifi yawancinmu. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. A littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya nace a kan a koyar da yaran Afirka da harsunansu. An buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri, yanzu ga kundin 2025. Takardu sun isa haka nan. Wasan kwaikwayo shi ne ƙofa mafi sauƙi da Hausa za ta bi ta shiga kwaleji gobe da safe, don ba ya bukatar a jira an fassara littafin lissafi ko na kimiyya. Kuma da na ce Hausa, ban manta da ƴaƴan Fulani da Buzaye da ke zaune a benci ɗaya da namu ba. Wanda ya shirya fitowa da Fulatanci ko Tamajak a ba shi fili, abokansa su saurara, a fassara musu. Bai kamata mu yi wa wani abin da aka yi mana ba.

Na san abubuwan da za a ce, bari in amsa tun kafin a faɗa.

Za a ce wasan kwaikwayo shashanci ne, yana ɓata tarbiyya, yana haɗa maza da mata. Ina girmama wannan damuwa, don iyayen da ke faɗinta ƴaƴansu suke tsaro. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: yaran nan suna kallon wasan kwaikwayo kullum a salula, na Kano da na Indiya da na inda ba mu ma sani ba, cikin dare, ba mai sa ido. Wanda nake magana a kai da rana za a yi shi, a filin makaranta, malam ya karanta rubutun, iyaye na zaune a tabarma. Wanne ya fi kusa da tarbiyya? In gari bai yarda a haɗa maza da mata ba, a raba, ƴan mata su yi nasu su ɗauki kowane matsayi, maza su yi nasu. A zamanin Shekisfiya ma maza ne ke fitowa a matsayin mata, wasan bai lalace ba. Malam Aminu Kano da ya yi wasanni ai malamin tafsiri ne. A gayyato liman ya zauna a sahun gaba, in ya ga abin gyara ya faɗa.

Za a ce ba mu da azuzuwa, yara na karatu a rumfar kara, kai kana zancen teyatur. Wallahi ban manta ba. Ba wanda zai manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021, da gobara ta cinye azuzuwan kara a Maraɗi ta kashe ƙananan yara aƙalla 25. Neman ajin siminti da benci da littafi wajibi ne, kuma ba za mu daina ba. Amma a cikin duk abin da ke cikin manhaja, wasan kwaikwayo ne ya fi arha. Ba ya son lantarki, ba ya son ɗakin gwaji. Inuwar bedi, tsohuwar babbar riga, sanda, tabarma, shi ke nan. Inda littafi ɗaya ne ga yara 80, ai yin wasan ne ma mafita: a raba fitowa-fitowa, kowane rukuni ya kwafi nasa ya koya, ranar da aka haɗu duk aji ya ga wasan daga farko har ƙarshe. Rashin kuɗi hujja ce ta a yi, ba ta a bari ba.

Za a ce lokaci ba ya isa, ga manhaja ga jarrabawa. Malamai, ku ne shaida: abin da yaro ya haddace daren jarrabawa, bayan sati biyu ya tafi. Abin da ya faɗa da bakinsa sau ashirin yana gwaji, ya yi fushi a ciki, aka yi masa dariya a ciki, yana nan har ya tsufa. Wanda ya taɓa zama marowacin Moliyer na rabin awa ba sai an rubuta masa halin marowaci a allo ba. Ban ɗora laifin a kan malamai ba. Da yawansu ƴan kwantaragi ne, ga aji cike, ga kuɗin wata na makara, kuma su ma haka aka koyar da su. Laifin na tsarin da ke auna abin da yaro ya kwafa ne kaɗai. An daɗe ana barin jaki ana dukan taiki.

Za a ce in aka shigo da Hausa, Faransancin yara da Ingilishinsu zai lalace. A ina aka taɓa gani? Julius Nyerere, yana shugaban ƙasa, ya fassara wasannin Shekisfiya biyu zuwa Swahili. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ka ba yara fitowa ɗaya da Ingilishi ka ce su mayar da ita Hausa su yi, sannan su sake yinta da Ingilishi. Dole su tsaya a kan kowace kalma, su yi gardama a kan ma'anarta, don ba a fassara abin da ba a gane ba. Aku ne kaɗai ke maimaita magana bai san abin da take nufi ba.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗi a fili, wato tsoro. Yaron da ya saba tsayuwa gaban jama'a yana kwaikwayon alƙali mai cin hanci, gobe zai iya tambayar inda kuɗin ginin aji suka shiga. A Kenya, Ngugi wa Thiong'o ya yi shekaru yana rubutu da Ingilishi yana yawonsa. Da ya shirya wasa da harshen Gikuyu tare da manoma da leburori a ƙauyen Kamirithu a 1977, sai aka hana wasan, aka tsare shi shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin. Masu mulki sun san ƙarfin abin, mu ne muka raina shi. Shi ya sa ba na son a mayar da wasan makaranta amshin shata. Teyatur na samariya ya yi kyau, amma sau da yawa saƙon gwamnati yake ɗauke da shi. Na ƴan porje ma mun gani: a zo da mota da lasifika, a yi wasan wanke hannu, a ɗauki hoto, a tafi. Faɗakarwa na da amfaninta, amma ajin adabi wurin tambaya ne. A bar yara su kawo abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ko da zai sosa wa manya inda ba su so. Sarakunan Damagaram sun zauna an kwaikwaye su a wasan kara, rawaninsu bai faɗi ba.

Ga abin da nake nema, kuma ina roƙon wannan ƙungiya ta ɗauke shi a matsayin bukata.

Na ɗaya, daga ma'aikatar ilimi da INDRAP: duk wasan da aka sa a manhaja, na Faransanci ne ko na Ingilishi, a rubuta ƙarara cewa sai an yi aƙalla wani ɓangarensa a tsaye, kuma a ba da maki a kan haka. A sa rubutattun wasannin Hausa da na marubutan Nijar a jerin littattafan kwaleji da lise. A nemo tsofaffin wasannin da ke ajiye a rediyo da talabijin na ƙasa, a rubuta su a buga, tun kafin faya-fayan su lalace.

Na biyu, daga makarantun horar da malamai: kada a ba mutum takardar koyar da adabi bai taɓa shirya fitowa ɗaya da ɗalibai ba.

Na uku, daga magadan gari da masu kula da makarantun sakandare na Mayahi da Tasawa: a ware rana ɗaya a shekara, kowace kwaleji ta kawo wasanta, daga Sarkin Hausa da Kanambakashe da Isawan har Maijirgi da Urafan da Korgom. Gidajen rediyon al'umma su ɗauka su watsa. Kuɗin da za a kashe bai kai na tarbar baƙo ɗaya daga Yamai ba.

Na huɗu, daga darektoci da malamai: ba ku bukatar izinin minista kafin ku ce wa yara su ture benci su tashi. Awa ɗaya a sati ta isa a fara. A gari akwai tsofaffin ƴan samariya da suka san aikin, ku gayyato su, za su zo da murna.

Na biyar, daga mu iyaye: a taron COGES na gaba, bayan an gama zancen alli da benci, wani ya ɗaga hannu ya tambayi darekta wane wasa yara za su yi bana, kuma yaushe za a kira mu kallo. In an kira mu kuma mu je, mu da iyayen gida.

Ku kuma ɗalibai, ƙannena, kada ku jira. Ku biyar ko shida kun isa. Ku ɗauki littafin da aka ba ku, ku raba matsayi, ku gwada bayan an tashi, sannan ku je ku ce wa malam kuna da abin da za ku nuna masa. Malamin kirki ba zai hana ku ba.

Wanda ya yarda da wannan magana ya tura wa malami ɗaya da uba ɗaya da ya sani. Wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa, muna saurare. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da bakin faɗin gaskiya. Amin.